Labarin Matar Da Ta Yi Zane Da Wayar Ƙarfe

 Makon jiya na yi muku alkawarin za mu ƙarasa zancen shanya kayan miya. To, ku yi mini gafara sai mako mai zuwa in Allah ya yarda, gama wata takarda ta zo mini wadda ba ta jira. In na yi jinkirin amsa ta, watakila a ƙona wa wata yarinya littafi.

Wata uwar gida ce ta rubuto, ta kuwa roƙe ni kada in faɗi sunanta ko garinsu. Ga abin da ta ce: "Malama, 'yata tana aji biyar. Ba ta da ƙiwa, ba ta da rashin kunya, amma duk littafin rubutun da aka saya mata sai ta cika bayansa da zane, furanni ne, ganyaye ne, zanen lalle ne, har da ƙwaryar da na ke dama fura. Ubanta ya ce asarar kuɗi ce, in ya sake gani zai ƙona. Ni kuwa in na duba sai in ga abin ya yi kyau, amma ban san amfaninsa ba. Ki ba ni shawara, in hana ta ko in ƙyale ta?"

Yaya, kafin in ba ki amsa bari in fara tona wa kaina asiri. Shekarar da na fito daga kwalejin horon malamai aka ba ni aji, wata rana ina koyar da lissafi na hangi wata yarinya ta duƙufa a kan littafinta, fensir yana ta tafiya. Da na je na tarar zane ta ke yi. Na yage takardar a gaban 'yan aji, na duƙunƙune na jefar. Bayan an tashi ana shara na ɗauka na warware, sai na ga reshen zogale ne, ta zana kowane ɗan ganye a mazauninsa, har da wanda tsutsa ta ci gefensa. Hana ta zane a lokacin lissafi daidai ne, amma yage takardar nan kuskure ne, gama tun daga ran nan ban sake ganin ta zana kome ba. Abin yana damuna har yau, shi ya sa takardarki ta taɓa ni, shi ya sa kuma zan ba ku labarin wani nuni da aka yi a Amurka, don a cikinsa na ga amsar tambayarki.

Abin Da Aka Nuna

Cikin watan Afril na 2025 aka buɗe wani babban nuni a gidan ajiye ayyukan fasaha na zamani na birnin San Faransisko, cikin jihar Kalifoniya. Kun san yadda a ke nunin amfanin gona, kowa ya kawo abin da ya noma a jera, jama'a su zo kallo. To, wannan ma haka ne, sai dai duk abin da aka jera aikin hannun mace guda ne, sunanta Ruth Asawa, ya kuwa fi guda 300. Nunin ya tashi cikin Satumba, sa'an nan cikin Oktoba na shekarar aka kwashe kayan aka kai birnin Niyok aka sake bajewa. Wata ƙawata da muka yi kwaleji tare, wadda ta bi maigidanta karatu can Kalifoniya, ta je ta gani da idonta, ta yi ta aiko mini da hotuna ta salula har sai da na ce ta sassauta.

Kayan iri iri ne, amma manyansu kashi biyu ne. A jikin bango an kafa zane-zanen da ta yi a takarda da tawada da fensir da ruwan launi: furanni, da kabeji, da kankana, da kujerar gidanta, da yara suna barci. Daga rufin ɗakin kuwa an rataya waɗansu abubuwa da ta saƙa da waya. In na ce waya, ba wadda a ke kira da ita na ke nufi ba, wayar ƙarfe na ke nufi, ta jan ƙarfe da ta tagulla da ta baƙin ƙarfe. Duk wadda ta san ragaya, wadda kakanninmu ke rataya ƙoren nono a kai, ta sami kan zancen. Sai dai waɗannan ba a ɗora musu kome, kuma waɗansu sun fi mutum tsawo. Abin ya kan fara da faɗi kamar tulu, ya tsuke kamar ƙugun kalangu, ya sake buɗewa, ya sake tsukewa, har ƙasa. A cikin tulun kuma akwai wani ƙarami, a cikin ƙaramin akwai wani, duka kuwa ana hango su gaba ɗaya, don saƙar tana da ido kamar raga. In fitila ta haska su sai inuwarsu ta faɗa jikin bango, ta zama kamar wani zanen dabam kusa da na takarda. Akwai kuma waɗanda ta yi da takarda naɗaɗɗiya, da na yumɓu, da na zubin tagulla.

Na tambayi kaina, don me aka haɗa zanen takarda da saƙar waya a wuri guda? Da na karanta tarihin matar sai na gane cewa a wurinta abu ɗaya ne. Amma sai kun ji inda ta fito tukuna.

Daga Gona Zuwa Barga

An haifi Ruth cikin 1926 a wani gari mai suna Norwalk, a Kalifoniya. Iyayenta mutanen Japan ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, manoman kayan lambu ne, ita ce kuwa ta huɗu cikin 'ya'ya 7. A zamanin dokar jihar ta hana baƙi irinsu mallakar ƙasa, don haka hayar gona su ke yi. Yara su kan yi aikin gona kafin makaranta da bayan an tashi. Ita da kanta ta ba da labarin yadda ta kan zauna a bayan abin baje ƙasa da dawakai ke ja, ta saki ƙafafunta suna jan ƙasa, tana buɗe su tana tsuke su, sawun yana fita a turɓaya da faɗi da tsukewa. Siffar nan ta ƙugun kalangu da ta yi ta saƙawa da ta girma, a turɓayar gonar ubanta ta fara zana ta.

Cikin Disamba 1941 Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor, yaƙi ya tashi tsakaninsu. Cikin 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe mutane wajen 120,000 masu asalin Japan ta tsare su a sansani, ko da ya ke mafi yawansu a Amurka aka haife su, ba su kuwa yi laifin kome ba. Aka kama uban Ruth aka kai shi wani wuri dabam, ta yi shekaru ba ta sa shi a ido ba. Ita da uwarta da 'yan'uwanta aka kai su filin sukuwa na Santa Anita, aka ba su bargar dawakai ta zama ɗakin kwanansu. Shekararta 16 a lokacin. Ikon Allah, cikin waɗanda aka tsare tare da su akwai masu zanen majigin yara na kamfanin Disney, suka buɗe aji suna koya wa yara zane. Ruth ta riƙa wuni a wurinsu. Bayan watanni aka ɗauke su zuwa wani sansani mai suna Rohwer, a jihar Arkansas, inda ta ƙare sakandare cikin 1943 a bayan shingen waya mai ƙaya. Sai cikin 1988 gwamnatin Amurka ta amsa cewa zalunci aka yi, ta nemi gafara, ta biya waɗanda suka rage da rai diyya.

Malamar Da Aka Hana Aji

Nan ne labarin ya fi taɓa ni, da ya ke ni ma hanyar na bi. Burin Ruth ta zama malamar zane. Cikin 1943 aka sake ta daga sansani ta shiga kwalejin horon malamai ta birnin Milwoki, tana aikatau a gidan mutane don ta riƙe kanta. Ta yi shekara 3 tana karatu. Duk wadda ta yi irin wannan kwaleji ta san ba a ba da takardar shaida sai an fita koyarwar gwaji, an tsaya gaban yara, an zo an duba. Da lokacin nata ya zo sai aka gaya mata ba za a iya tura ta kowace makaranta ba, saboda ƙiyayyar da a ke yi wa Japanawa bayan yaƙi. Haka ta bar wurin hannu rabbana cikin 1946. Sai cikin 1998, bayan shekara 52, tana da shekara 72, jami'ar da ta gaji kwalejin ta ba ta digirin nan.

Da wata ce da ta naɗe tabarmarta ta koma gida. Ita kuwa sai ta tafi wata ƙaramar makaranta a cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa, mai suna Black Mountain, ta zauna daga 1946 zuwa 1949. Makarantar ba ta da kuɗi, ɗalibai su ke aikin gona da na madafa. Ruth ta yi tatsar shanu, ta yi aiki a ɗakin wanki, har hatimin da a ke buga wa zannuwan makaranta ta ɗauka ta yi ta bugawa a takarda, jeri bisa jeri, ya fitar da ado kamar na atamfa.

Babban malaminta a can wani Bajamushe ne, Josef Albers, wanda ya baro ƙasarsu cikin 1933 da Hitila ya hau mulki. Abin da ya fi nacewa a kai shi ne koyon kallo. In ɗaliba za ta zana kujera, ba ƙafafun kujerar kaɗai za ta duba ba, har da filin da ke tsakanin ƙafa da ƙafa, gama shi ma yana da tasa siffar. Ya kan ba su abu maras tsada, kamar takarda ko ganye, ya ce su bincika su ga iyakar abin da zai iya yi kafin su nemi mai tsada. Ku riƙe waɗannan biyu, za mu komo kansu.

Kwandon Ƙwai

Cikin 1947 Ruth ta je aikin sa kai a ƙasar Meksiko, a wajen wani gari mai suna Toluka. A nan ta ga kwandunan da a ke saƙawa da waya don zuba ƙwai. Ba ta raina ba, ta zauna wani mutumin wurin ya koya mata. Saƙar mai sauƙi ce, tana kama da ta kwarashi, sai dai ba a sa ƙugiya, da yatsu a ke yi. A kan naɗa waya a jikin ɗan sanda ta yi zobba a jere, sa'an nan a riƙa zarga kowane sabon zobe a cikin na layin da ya gabata. In ana so abin ya yi faɗi sai a ƙara zobba, in ana so ya tsuke a rage. Da fari kwanduna ta yi kamar yadda aka koya mata. Daga baya ta rufe bakin kwandon ya zama ƙwallo, ta ci gaba da saƙa daga ƙwallon zuwa wani, har ta iya juya saƙar ta yadda bangon da ya fara a ciki zai fito ya zama na waje ba tare da ya yanke ba.

Yanzu ga amsar tambayar da na yi ɗazu. In kin ɗora fensir a takarda kika ja, layi kika yi. Waya ma layi ce, sai dai ita ana iya ɗaga ta daga takarda ta tsaya cikin iska. Ruth ta ɗauki saƙarta a matsayin zane ne da a ke yi a sarari maimakon takarda. Filin nan na tsakani da malaminta ya koya mata dubawa, shi ne ta kewaye da waya ba ta rufe shi ba, shi ya sa a ke ganin ciki da waje a lokaci guda. Wanda ya tsaya a ɗakin nunin ya dubi kabejin da ta zana a bango, yadda layi ke bin kowane lanƙwasar ganye, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye, zai ga hannu ɗaya ne, ido ɗaya ne, haƙuri ɗaya ne.

Wani abu da ya faru cikin 1962 ya ƙara tabbatar da haka. Wani abokin gidansu ya kawo mata wani busasshen tsiro daga hamadar Kalifoniya don ta zana. Ta yi ta yi, abin ya gagara, don rassan sun sarƙe ƙwarai. Sai ta ɗauko damin waya ta ɗaure shi a tsakiya, ta raba shi ya yi rassa, ta sake raba kowane reshe, ta yi ta rabawa har ya zamana kowane tsinke ya tsaya shi kaɗai. Ta haka ta gane yadda tsiron ya ke, daga nan kuma ta sami wani sabon salon aiki da ta yi shekaru tana yi. Watau in zane ya cije sai waya ta taimaka, in waya ta cije ta koma zane.

'Ya'ya Shida Da Teburin Madafa

Na san wata za ta ce, ai wannan sai wadda ba ta da miji ba ta da goyo. A'a. Cikin 1949 Ruth ta auri wani ɗan makarantarsu mai koyon tsara gini, Albert Lanier, suka zauna a San Faransisko, ta yi renon 'ya'ya 6. Ba ta keɓe kanta daga gida don aikin ba. A tsakar ɗaki da teburin madafa ta ke saƙa, yara suna wasa a gefenta, akwai ma hotunan da wata ƙawarta mai ɗaukar hoto, Imogen Cunningham, ta ɗauka suna nuna haka. Da yaran suka tasa su kan taya ta naɗa waya. In sun yi barci da dare, ko da asuba kafin su tashi, ta kan ɗauki aikin da ke son natsuwa. Da yayyafi kogi kan cika. Ban ce abin ba wuya ba, waya tana yanka yatsu, barci kuma yana raguwa, kuma ta yi dace da miji mai goyon bayanta. Amma ba ta jira ranar da za ta sami wuni guda cur babu aiki ba, don ta san ranar ba ta zuwa.

Cikin shekarun 1950 an nuna ayyukanta a Niyok, sun kuwa ja hankali. Duk da haka waɗansu masu sharhi a jaridu suka riƙa kiran ta matar gida, suna cewa abin nata ado ne kawai, sana'ar hannu ce irin ta mata. A ganinsu fasaha ta gaske ita ce ta namiji mai sassaƙa dutse ko mai narka ƙarfe, saƙa kuwa ba a sa ta a lissafi. Kun ji irin maganar da mu ma mu kan ji a kan ɗinkin hula da saƙar faifai. Sannu a hankali aka manta da ita a wajen garinsu, har sai da aka yi wani babban nunin ayyukanta a San Faransisko cikin 2006. Ta rasu cikin Agusta 2013 tana da shekara 87. Cikin 2020 gidan waya na Amurka ya buga hotunan saƙarta a kan sarki, kuma a shekarar aka sayar da guda ɗaya a kasuwar gwanjo a kan fiye da dala miliyan 5. Raina kama ka ga gayya. Ban kawo zancen kuɗin nan don wata ta zaci duk mai zane za ta yi arziki ba, ita kanta ba ta ga wannan ciniki ba. Na kawo shi ne don a ga cewa masu raina aikin hannun mata su ma su kan yi kuskure.

Koyarwar da aka hana ta kuwa, ta yi ta ta wata hanya. Da ta ga abin da a ke kira darasin zane a makarantar 'ya'yanta bai wuce a ba yaro hoton da aka riga aka buga ya cika da launi ba, sai cikin 1968 ita da wata ƙawarta, Sally Woodbridge, da waɗansu iyaye suka fara shiga firamaren Alvarado suna koya wa yara aikin hannu. Ba su da kuɗi, sai kwalayen madara da na ƙwai, da guntayen zare, da ƙullun fulawa da gishiri da ruwa wanda a ke murzawa kamar yumɓu a gasa ya yi tauri. Shirin ya bazu zuwa makarantu da yawa na birnin. Da irin ƙullun nan ne ita da jama'a, har da yara, suka siffanta unguwannin garinsu, aka zuba tagulla a kai, ya zama wani wurin feshin ruwa na ado da aka kafa a tsakiyar birni cikin 1973. Ta kuma yi ta faɗi tashi har aka buɗe sakandaren gwamnati ta fasaha cikin 1982, wadda aka sa wa sunanta cikin 2010. Da ciwo ya kama ta cikin 1985, ƙarfinta ya ragu, sai ta fi mai da hankali ga fensir da tawada, tana zana furannin lambunta da waɗanda a ke kawo mata.

Amsa Ga Mai Takarda

To, Yaya, mu komo kan 'yarki. Maigidanki yana da gaskiya ta wani gefe, kada ki yi masa gardama a kai. Littafin rubutu kuɗi ne, kuma don darasi aka saya. Littafin lissafi na lissafi ne. Amma maganin wannan ba ƙonawa ba ne. Ki tattara tsofaffin littattafan bara, ki ciro takardun da ba a rubuta ba, ki ɗinke su da zare da allura, ki ba ta ki ce wannan shi ne na zane. Ki yanka mata lokaci, bayan ta gama aikin makaranta da na gida. Ko kwabo ba a kashe ba, an kuwa raba gardama.

In ya tambayi amfaninsa, ki tuna masa cikin ladabi cewa hular da ke kansa sai da wani ya zana ta kafin a sa allura, kuma kuɗi aka biya mai zanen. Aska takwas da ke gaban babbar riga ma haka. Tela mai yanka, da mai tsara gini, da injiniya, duk da fensir su ke farawa. Yarinyar da za ta karanta aikin jinya ko likita sai ta zana abin da ta gani a darasin kimiyya, ana kuwa ba da maki a kai. Amma babban amfanin ya wuce wannan. Zane horon ido ne. Yarinyar da ta zauna ta ƙirga ganyen zogale ta sa kowanne a wurinsa ta koyi duba abu har ta gan shi yadda ya ke, irinta ce za ta lura idon ƙanenta ya sake launi tun kafin ciwo ya kwantar da shi.

Na san waɗansu za su ce zane da sassaƙa akwai magana a kansu. Haka ne. Hukuncin surar abu mai rai na malamai ne, kowa ta tambayi nata, ni ba fagena ba ne. Ruth ba Musulma ba ce, ta kuwa yi surar mutane a waɗansu ayyukanta. Amma abubuwan nan masu rataya da suka ɗaukaka sunanta ba surar mutum ba ne ba ta dabba ba, haka kuma furanni da ganyaye da ƙwaryar da 'yarki ke zanawa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin da na ba ku na wannan mako. Kowa ta tsinko ganye guda, na mangwaro ko na kuka ko na rama. Ki ajiye shi gabanki ki dube shi sosai kafin ki taɓa fensir. Sa'an nan ki zana gefensa da layi ɗaya, kada ki ɗaga fensirin sai kin komo inda kika fara, idonki kuwa ya fi zama a kan ganyen bisa ga takardar. Ki dubi filin da ke tsakanin jijiya da jijiya, shi ma ki ba shi hakkinsa. Bayan haka ki nemi guntun waya mai laushi, irin wadda magina ke ɗaure rodi da ita, ki lanƙwasa ta tana bin layin da kika zana. In kin gama ki ɗaga ta a rana ko gaban fitila ki dubi inuwarta a bango. Ki fara murɗe bakin wayar ciki don kada ta soke ki, ki nisanta ta daga ƙananan yara, kada kuma wata ta kuskura ta taɓa wayar lantarki. Wadda ba ta sami waya ba ta yi da kaba ko da igiyar rama. Ƙullun fulawa kuwa ban ce ku gwada ba, fulawa ta ci ce, mu Allah ya hore mana yumɓu a bakin kowane rafi.

Malamai 'yan'uwana, mu ma da namu. In kin kama yarinya tana zane a lokacin wani darasi, ki karɓi takardar ki ajiye, ki mayar mata bayan an tashi, ki duba abin da ta yi ki gaya mata inda ya yi kyau da inda ya rage. Ni dai na nemi yarinyar nan tawa, yanzu tana sakandare, na ba ta haƙuri, na ba ta fensir biyu da littafi. Ta karɓa ta yi godiya tana sunkuyar da kai. Ko za ta koma zane, Allah ne masani.

Yaya, ki rubuto mini ki gaya mini yadda kuka ƙare da maigida. Duk wadda kuma ta gwada aikin ganyen nan ta aiko da zanenta ta hannun Edita, da sunan ajinta, zan duba kowanne in ba da amsa a wannan fili. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwanmu. Sai mako mai zuwa, mu koma kan kuɓewa da tattasai.

Taku,
Malama